Ruwan Da Ya Wuce Gonarmu, Ina Za Shi?

Mu da muka haɗa kai muka rubuta wannan maƙala 'ya'yan manoma ne daga ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma yawancinmu da kuɗin tumatir da shinkafa da alkama ake biya mana kuɗin makaranta. Saboda haka in muka ce za mu yi magana a kan ruwan kanal, maganar littattafanmu da rigunanmu da tuwon gidajenmu muke yi. Tambayar da muke so mu yi tunani a kanta tare da ku ita ce: ruwan nan daga ina yake zuwa, kuma in ya wuce gonarmu ina za shi?

Yadda ruwan ya zo mana

Kakanninmu sun ba mu labari cewa a da, in an gama kaka an kai amfani rumbu, sai maza su ɗauki sanda da buhu su tafi cin rani. Wanda yake da ɗan lambu a bakin fadama shi ne zai zauna yana jan ruwa da jigo, daga safe har rana ta take, domin ya shayar da 'yan komai kaɗan na albasa. Sai ga farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, wanda ya kashe dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu a duk faɗin ƙasashen bakin Sahara. A cikin waɗannan shekaru ne gwamnatin Jihar Kano a ƙarƙashin Gwamna Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka gama ta a 1974. Kafin ita an riga an gina ta Bagauda, wadda da ruwanta aka fara gwajin noman rani a Kadawa. An tsara kashi na farko na aikin domin ya shayar da hekta 22,000, kuma a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Abin sha'awa a aikin nan shi ne, ruwan da kansa yake gangarowa, ba inji ke tura shi ba. Daga Tiga yakan bi babban kanal, ya rabu gabas da yamma, ya shiga ƙananan kanal, har ya iso bakin gonar mutum. Da zuwansa sai al'amura suka juya. Garuruwan da ake barinsu da rani suka koma garuruwan da ake zuwa cin rani. Da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga waje a 1987, gonakinmu sun cika da alkama. Kura ta yi suna wajen casar shinkafa, kasuwar Kwanar Gafan kuwa ta zama wurin da manyan motoci ke lodin kwandunan tumatir zuwa Legas da sauran biranen kudu. Wannan alheri ne babba, kuma wanda bai gode masa ba ya yi butulci.

Mu bi ruwan mu gani

Amma kogi ba ya ƙarewa a inda idonmu ya tsaya. Kogin Kano yakan haɗu da Kogin Chalawa su zama Kogin Haɗeja, ya wuce ta Wudil da Ringim da Haɗeja, ya bazu cikin manyan fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Daga nan ya haɗu da ruwan Jama'are a wajen Gashuwa, ya zama Kogin Yobe, ya bi ta Gaidam har ya faɗa Tafkin Chadi. Duk tsawon wannan hanya akwai mutane irinmu, masu 'ya'ya a makaranta kamar yadda iyayenmu suke da mu.

Kafin a gina Tiga, kowace damina ruwa yakan cika waɗannan fadamu ya malale, sa'an nan ya janye da kaka. Masunta su kama kifi, manoma su shuka shinkafa a ruwa su kuma bi laima da wake da sauran amfani, makiyaya su sami ciyawa ɗanya da tsakar rani, rijiyoyin ƙauyukan nesa su sami ruwan da ya tsattsafa ta ƙarƙashin ƙasa. Da aka tare ruwa a Tiga, aka ƙara da madatsar Chalawa a 1992, sai malalar damina ta ragu ƙwarai. A ɗaya gefen kuma, ruwan da ake saki da rani ya sa hanyoyin da a da sukan bushe suka daina bushewa. Ciyawar kacala ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Sai ta yaɗu, ta toshe hanyoyin ruwa, ta riƙe laka. Wasu garuruwa ruwa ya kwanta musu a gona shekara da shekaru, wasu kuwa hanyarsu ta bushe sarai. Tsuntsayen jan baki suka sami maɓoya a cikin kacala, suna fitowa dubbai suna cinye shinkafa da gero. Binciken da masana tattalin arziki suka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa in an auna amfanin da ake samu daga kowane ma'auni na ruwa, na fadamun ƙasa, wato kifi da itace da noma a haɗe, ya fi na aikin noman rani na sama.

Shi kuma Tafkin Chadi, a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, amma a tsakiyar shekarun 1980 ya koma bai fi kashi 1 cikin 10 na wannan ba. Gaskiya ita ce mafi yawan ruwansa daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, ta ƙasashen Chadi da Kamaru, kuma fari ne babban dalilin janyewarsa. Duk da haka mutanen bakin Kogin Yobe da na arewacin tafkin sun san bambancin shekarar da koginmu ya iso musu da wadda bai iso ba.

Waɗanda suka gina Tiga ba su yi niyyar shuka kacala a Nguru ba. Yunwa suke so su kora, kuma sun kore ta a wurare da yawa. Darasin da ke ciki shi ne, halittar Allah kamar taru take, in ka ja igiya ɗaya a nan sai wata ta motsa a can, wani lokaci ma sai bayan shekara goma ko ashirin.

A cikin gonakinmu ma haka ne

Ba sai mun je Nguru kafin mu ga wannan ba. Manomin da gonarsa ke kan kanal, in ya buɗe ruwa ya tafi kasuwa ya bar shi yana ambaliya, yakan ɗauka ya more. Amma na wutsiyar kanal ya kwana yana jira ruwa bai iso ba. Shi kansa mai ambaliyar, ruwan da ya wuce kima yakan taru a ƙarƙashin ƙasa, in magudanar fitar da ruwa ta toshe sai ya taso, rana ta busar da shi ta bar gishiri fari fat a kan gona. Bayan 'yan shekaru sai ya ga shuka tana yin ja tana tsumburewa, ya ce taki ne ba shi da kyau. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Haka ma ciwon tsargiya. Yaron da yake da ita in ya yi fitsari a kanal, ƙwayayen cutar sukan ƙyanƙyashe su shiga jikin ƙananan dodon koɗi, su girma a ciki, su fito su ratsa fatar wani yaron da ya zo wanka. Kwantaccen ruwa mai ciyawa shi ne gidan dodon koɗi, shi ne kuma gidan sauro. Ashe ke nan yasar magudana magani ne na gishirin gona, magani ne na tsargiya, magani ne na zazzaɓin cizon sauro, duk a aiki guda.

Abin da ke zuwa mana daga nesa

Kamar yadda abin da muka yi a Kura yake isa Gashuwa, haka abin da aka yi a wasu ƙasashe yake iso mana. A 2016 wata tsutsa da masana ke kira Tuta absoluta, manoma kuwa suka sa mata suna sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina cikin 'yan makonni. Asalinta daga Kudancin Amurka ne. Ta shiga Sifen a 2006, ta bi kayan lambu da iska ta ratsa ƙasashe har ta iso mana. Masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a wannan shekara, ta tsaya saboda rashin tumatir. Tsutsar nan tana son zafi, kuma yawan zafi yana sa ta hayayyafa da sauri.

Zafin kuwa ƙaruwa yake yi. Hayaƙin gawayi da man fetur da gas da ake ƙonawa a duniya yana taruwa a sama yana riƙe zafin rana kamar bargo. Masana sun auna cewa ɗumin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 tun daga ƙarshen ƙarni na 19, kuma shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara rubutawa. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 5 cikin 100 ba, amma zafin ba ya tambayar wane ne ya kunna wutar. Alkama sanyin hunturu take so. In aka makara wajen shuka ta wuce tsakiyar Disamba, ko zafi ya sauko da wuri, sai ta yi kai a cikin zafi tsabar ta ƙanƙance. Iska mai ɗumi kuma tana ɗaukar tururin ruwa da yawa, shi ya sa ruwan sama yakan sauko da ƙarfi a lokaci ɗaya. A ambaliyar 2022 mutane fiye da 600 suka rasu a Nijeriya, fiye da miliyan 1 suka bar gidajensu. A Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya cinye babban sashe na Maiduguri. Iyayenmu ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a Agusta 1988 ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda mutane suke karɓar abin

Mun lura cewa in irin waɗannan abubuwa suka faru, mutane sukan kasu. Akwai mai cewa ba wani sabon abu, tun fil'azal ana fari ana ambaliya. Ya yi gaskiya rabi, domin an yi fari a da, amma ma'aunin zafi ba ya ƙarya. Akwai mai naɗe hannu ya ce haka Allah ya so, sai ka ce Allahn da ya ba shi ido da hankali bai so ya yi amfani da su ba. Akwai mai firgita, wanda da ya ga tsutsa zai ninka maganin feshi yau ya sake ninkawa jibi. Wannan yakan kashe ƙwarin kirki masu cin tsutsar, tsutsotsin da suka tsira kuwa su haifi 'ya'yan da magani ba ya ji, kuɗinsa ya ƙare, gubar ta gangara kanal inda wasu ke wanki da shayar da dabbobi. Akwai kuma mai neman wanda zai ɗora wa laifi: na wutsiya ya zagi na kai, manomi ya zagi makiyayi, makiyayi ya zagi manomi, alhali kuwa duka ƙishirwa ɗaya ce ke damunsu.

Waɗannan duka abu ɗaya ya haɗa su, wato gaggawa. Kowa ya yanke hukunci kafin ya duba. Akwai kashi na biyar, su ne masu natsuwa, kuma su muke so mu zama.

Mene ne natsuwa?

Natsuwa ita ce mutum ya tattara hankalinsa wuri ɗaya a kan abin da ke gabansa, ya duba da kyau, ya saurara, ya hana tsoro da fushi su riga shi magana. Tsofaffin manoma sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Za ka ga dattijo ya tsuguna a bakin gona da sassafe, ya juya bayan ganye, ya murza ƙasa a hannu, ya dubi gabas, bai ce uffan ba. Wannan shirun aiki ne. Shi ne yake ganin ƙwan tsutsa kwana bakwai kafin maƙwabcinsa ya ga ɓarna.

Akwai labarin gaskiya daga Maraɗi da ya dace da mu 'yan makarantar mishan. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, yana ta dasa itatuwa a ƙasar Maraɗi suna mutuwa. A 1983 ya tsaya ya dubi wani ɗan tsiro a gefen hanya da kyau, sai ya gane cewa abin da kowa ke ɗauka ciyayi ne yana sarewa, toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa tana nan da rai a ƙasa. Ba dashe ake bukata ba, sai dai a zaɓi reshe mai ƙarfi a rage sauran a kuma kare shi. Manoman Maraɗi da Damagaram suka ɗauki wannan dabara, suka haɗa da sanin da suka gada, suna koya wa juna daga gona zuwa gona. An ƙiyasta cewa ta haka an farfaɗo da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Da yawa daga cikinsu gawo ne, itacen da yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ba ƙasa taki. Dubban mutane sun bi ta gaban waɗannan kututture, amma sai da aka sami mai tsayawa ya duba.

Littafi Mai Tsarki ma ya koya mana haka. A cikin Farawa, aikin farko da aka ba mutum shi ne noman gona da kiyaye ta, abu biyu tare. Yusufu a Masar bai musa cewa yunwa tana zuwa ba, bai kuma zauna yana kuka ba, ya yi lissafin shekara goma sha huɗu ya gina rumbuna. A Littafin Firistoci kuwa an ba ƙasa kanta shekarar hutu. Mu wakilai ne a kan abin da ba namu ba, kuma wakili za a tambaye shi.

Abin da za mu iya yi

Ba mu da ikon rufe masana'antun Turai da Amurka da Sin. Wannan aikin shugabanni ne, kuma sun yi alkawari a kansa a taron Faris na 2015. Amma akwai abin da ke hannunmu.

A makaranta za mu iya kafa ma'aunin ruwan sama da na zafi, mu riƙa rubutawa kowace safiya a littafi guda, aji ya miƙa wa aji. Bayan shekara goma ƙannenmu za su sami abin da ya fi jita-jita. A gonar shinkafa akwai dabarar da cibiyar binciken shinkafa ta ƙasar Filifin ta yaɗa: a kafa ɗan bututu mai huji a cikin gona, a bar ruwa ya janye, sai ya sauka kamar santimita 15 ƙasa da doron ƙasa sa'an nan a sake ban ruwa, ban da lokacin da shinkafa take fure. Wannan yana rage ruwan da ake kashewa ba tare da amfani ya ragu ba, yana kuma rage iskar da kwantaccen ruwan shinkafa ke fitarwa mai ƙara ɗumin duniya. A gonar tumatir, a duba ganye tun daga gandun reno, a ƙone ko a binne ragowar shukar da ta kamu, a riƙa sauya amfanin gona, a nemi shawarar malamin gona kafin feshi. Kada a wanke tulun feshi a kanal, kada a yi bawali a ciki. In mun ga tohon gawo ko na kanya a gonar tudu, mu gyara shi mu bar shi.

Aikin gyaran kanal da Gwamnatin Tarayya ta soma da rancen Bankin Duniya na 2014 ya ɗora wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa nauyin kula da ƙananan kanal. Ƙungiya kuwa ba ta tafiya sai da masu halartar taro, masu biyan kuɗin ruwa, masu fitowa ranar gayyar yasa, da mai riƙe littafi da gaskiya. A nan ne karatunmu zai yi amfani. Kanal bai san Kirista ba bai san Musulmi ba, kowa layi ɗaya yake bi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗan makarantar mishan da ya rufe ƙofar ruwansa a kan lokaci domin maƙwabcinsa na wutsiya ya samu, ya yi wa'azin da kowa zai gane.

Ga iyayenmu na ikilisiya kuma muna da roƙo cikin ladabi. Ranar godiyar kaka, sa'ad da ake shigo da dammunan dawa da buhunan shinkafa gaban bagadi, a tuna cikin addu'a da masuntan Nguru da manoman Gashuwa da makiyayan bakin Yobe, waɗanda ruwa ɗaya muke sha da su ko da ba mu taɓa ganin fuskokinsu ba. Maƙwabcin da aka umarce mu mu ƙaunata ya haɗa da wanda yake ƙasan kogi, ya kuma haɗa da jikokin da za su gaji gonakin nan.

Ga 'yan'uwanmu masu fita a bana, wasunku za su zama injiniyoyi, wasu malaman gona, wasu ma'aikatan jinya, wasu fastoci, wasu su koma gona. Duk inda kuka sami kanku, kafin ku buɗe kowace ƙofa, ta ruwa ce ko ta ofis, ku tsaya ku tambayi kanku wane ne yake ƙasa da ku, kuma me zai iso gare shi. Tun ran gini ran zane.

Allah ya ba mu idon gani da zuciya mai natsuwa, ya albarkaci gonakinmu da makarantarmu, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.